Kurakuran da aka fi yi wajen saita kafireto a tsohuwar mota

Na gaji da ganin sabon hannu ya buɗe bonet, ya ɗauki sukundireba, ya nufi kafireto, wato na'urar da ke haɗa iska da fetur, kai tsaye. Mota ta yi tari, kafireto. Ta ƙi tsayawa a silo, wato juyin inji ba tare da an taka totur ba, kafireto. Alhali sau da yawa laifin na tayimin ne (lokacin da fulogi ke ba da wuta), ko kwantak (makunnin wutar fulogi), ko gibin bawul. Ni sai na gama da waɗannan nake taɓa sukurun mai, kuma sai inji ya yi zafi, cok, marfin da ke rage iska don tayar da inji da sanyi, ya buɗe duka. Saiti da sanyi aikin baban giwa ne.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙwarar inji da sunan tsimin mai. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan awon iska ya kai kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai. Ka rage mai fiye da kima, zafi ya ƙaru a cikin silinda. Na taɓa sa babban jet, wato kafar da mai ke bi a lokacin gudu, mai ƙaramin rami, ina murna tanki yana daɗewa. A doguwar tafiya, wajen hawa, inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na kwance fulogi, bakinsa fari fat kamar alli, bawul ɗin salansa guda ya ƙone, sai da aka sauke kan inji. Don Allah ku riƙa duba fulogi! Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari, ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa ake nema.

Sai masu ɗaure sukurun silo, wato na daidaita mai da iska a silo, da ƙarfi. Bakinsa tsini ne mai laushi, da ka matse ya yi zobe, mazauninsa ya lalace, saiti ya daina zama. Ni da yatsa biyu nake mayar da shi har ya taɓa, in warware zagaye ɗaya da rabi, daga nan kwata-kwatan zagaye, ina jira ina sauraro har juyin inji ya fi tashi ya kuma daidaita. Wannan sukuru, silo yake gyarawa, ba gudu ba.

Kada a saita da dattin matatar iska. Fulot ma, abin da ke yawo kan mai a cikin kafireto yana daidaita yawansa, a duba tsayinsa. In kuwa kana ta murɗa sukuru inji ko gezau, nemi inda iska ke satar shiga, galibi gaskit ɗin gindin kafireto ne ko tsagaggen tiyo.