Yadda za ka haɗa man injin yankan katako ba ka lalata injin ba, ba ka ɓata daji ba

Masu shiga dajin Taraba da masu yanka bishiyar turare a Mambila, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa na neman inda zai rage kashewa, kuma wallahi yawanci wajen mai ake yin gangancin.

Injin nan mai sarƙa, ko Stihl ne ko Husqvarna ko na Chana, ba shi da wurin zuba injin oyel daban, a cikin fetur ake haɗa masa 2T, wato oyel ɗin da aka yi don irin wannan inji. Awon kamfanin Stihl 50 da 1 ne, wato jarkar lita 5 ta fetur ka zuba mata mililita 100 na 2T mai kyau, sirinji babba ta kemis ta isa awo, ka daina kintace da murfin gora. Fara zuba 2T ɗin, ka bi da fetur, ka girgiza sosai. In 2T ɗin ya yi yawa injin ya yi ta hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, kai kuma da ke riƙe da shi duk a ƙirjinka yake ƙarewa. In ka rage kuma fistin ya ƙone. Haɗin da ya wuce wata guda a ajiye ma ka haƙura da shi.

To ga inda maganar take, man sarƙa, wato man da ake zuba wa inji a tankinsa daban don ya shafe sarƙa. Wannan ba ya dawowa tanki, duk abin da ka zuba sarƙa ce ke watsa shi a ƙasa da ganye da garin katako, kusan duk lokacin da ka cika tankin fetur sai ka sake cika shi. Amma sai ka ga opareta ya je garejin bakanike ya ɗebo baƙin mai da aka juye daga mota don arha, man da ke cike da burbushin ƙarfe da dattin ƙonewa, yana cinye famfon mai da bakin sarƙa, damina na zuwa ruwa ya wanke shi zuwa rafin da shanun Fulani da mutanen ƙauye ke sha. A Jamus dazuzzuka da dama ba sa ma yarda a shiga da inji sai da man sarƙa mai ruɓewa da aka yi da man shuka. Ko ba ka samu irinsa ba, sayi man sarƙa na gaske sabo.

Wasa sarƙa akai-akai, in ka ga gari yana fita kamar ƙura maimakon ɓarzajje to ta dakushe, fetur kawai kake ƙonawa kana danna inji da ƙarfi. Wanke filtar iska kullum da yamma. Kada ka bar shi yana ƙugi kana hira.

Wajen zuba mai ka kashe inji ya huce, ka shimfiɗa leda ko buhu, nesa da bakin rafi, sannan ka matsa aƙalla mita 3 kafin ka ja igiya. Gorunan 2T da suka ƙare ka tattaro su ka fito da su daga dajin.