Daga Sakkwato zuwa Serengeti da Zanzibar: inda masu shirin yawon kallon namun daji ke yin tuntuɓe

Akwatina na farko bai ga daji ba. A ƙaramin filin jirgin Arusha da ke Tanzaniya aka ɗora shi a sikeli, ma'aikacin ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai. Akwati ne mai taya, irin wanda muke zuwa Umara da shi, cike da shadda kala shida da huluna da takalma. Jirgin da zai kai mu sansanin baƙi a daji kuwa ɗan ƙarami ne, kujerunsa ba su wuce goma sha biyu ba, ana cusa kaya ne ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin cikinsa. Ƙa'idarsu kilo 15, har da abin da ka riƙe a hannu, kuma a jaka mai laushi wadda za ta lanƙwasu. Nan na tsuguna a gaban mutane ina zaɓen abin da zan ɗauka, uwargida tana tsaye a kaina tana cewa, "Malam, ai na hwaɗa maka tun gida." Akwatin ya yi kwana biyar a ajiya, da kuɗinsa.

Tushen yawancin kurakuranmu ɗaya ne: muna shirya wannan tafiya kamar tafiyar Dubai ko Makka, inda duk abin da ka manta akwai kasuwa a ƙasan masauki. Sansanin daji ba shi da kanti, ba shi da kemis, sau da yawa ko layin waya babu. Abin da ba ka gyara a Sakkwato ba, can ba ya gyaruwa.

Mafi tsada a cikinsu shi ne sayen tikiti kafin biza. Mai fasfon Nijeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ƙasarmu tana cikin jerin waɗanda sai an miƙa buƙatarsu ga hukumar shige da fice ta amince tukuna, kuma jiran yana iya kaiwa wata biyu. Wanda ya biya jirgi da masauki sannan ya nemi biza saura mako uku, ya yi ɗan hakin da ka raina. Ka fara da biza, ka tabbata fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida, sannan ka tambayi kowane sansani a rubuce nawa za su mayar maka idan tafiya ta ɗage. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ma dole ne ga wanda ya fito daga Nijeriya, kuma allurar sai ta kwana goma take ƙirguwa. Kada ka sayi katin a bayan fage ba tare da allura ba, kanka kake cuta. Tsibirin Zanzibar kuma, tun watan Oktoba na 2024, yana karɓar kuɗin inshora na dole daga baƙi, dala 44 kowane babba, ko da kana da wata inshorar.

Sai batun lokaci, wanda mu mutanen nan muke auna shi da namu yanayin. A wurinmu Afrilu tsakiyar bazara ce, zafin da ke sa mutum ya yi sha'awar gudu ko'ina. A Tanzaniya da Kenya kuwa daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, hanyoyi su zama taɓo, ciyawa ta rufe dabbobi, wasu sansanoni a kudancin Tanzaniya su rufe gaba ɗaya. Wanda ya ga farashi ya faɗi a watan, ya yi murna, bai tambayi dalili ba. Rani a can daga Yuni ne zuwa Oktoba, lokacin da mu muke cikin ruwa, dabbobi na taruwa a bakin mashaya kamar yadda giwaye ke cika gaɓar kogin Tarangire. Akwai kuma ƙaramar damina wajen Nuwamba da Disamba, wadda ba ta cika hana yawo ba.

Ko a cikin rani ma ana kuskure wuri. Babban ayarin da ake gani a hotuna, na dabbar nan mai kama da ramammiyar ɓauna da Waswahili ke kira nyumbu, tare da jakunan dawa, ba zaune yake wuri ɗaya ba. Kiwo yake bi, tamkar Fulani masu tafiya mashekari. Daga Janairu zuwa Maris yana kudancin gandun dajin Serengeti, wajen Ndutu, inda suke haihuwa. Ƙetare kogin Mara, inda kadoji ke jira, yana faruwa ne a arewa, wajen Yuli zuwa Oktoba. Serengeti ta kusa murabba'in kilomita 15,000, don haka in ka kama sansani a kudu cikin Agusta, za ka ga zaki da raƙumin dawa, amma ayarin yana can nisan yini guda a mota. Kafin ka biya, tambaya ɗaya ce: a wannan watan, a wane ɓangare tantinku yake?

Na ga kuma masu son cinye ƙasar duka a mako ɗaya, kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can. Rabin hutun a hanya yake ƙarewa. Dabbobi da sassafe da yamma suke motsi, da rana tsaka zaki barci yake a inuwa. Kwana uku a sansani ɗaya ya fi kwana ɗai-ɗai a uku. Tafiyar kanta doguwa ce: Sakkwato zuwa Abuja ko Kano, daga nan Adis Ababa, sannan filin jirgin Kilimanjaro, wanda ba shi ne na Arusha ba, akwai tafiyar awa guda ko fiye a tsakaninsu. Kada ka haɗa jirgin cikin gida da na waje a rana ɗaya. Kowa ya san yadda ake ɗage tashi a nan, ka kwana Abuja hankalinka kwance.

Tufafi kuwa, nan ne alfaharinmu na jure zafi ke kayar da mu. Bakin ƙaton ramin Ngorongoro, inda ake gangarawa kallon dabbobi, ya haura mita 2,000 a sama, sanyin asubarsa a watan Yuli ya fi na tsakiyar hunturu a Gwadabawa, ga mota buɗaɗɗiya. Ka ɗauki rigar sanyi. Farar shadda ba ta kai azahar take komawa ja saboda ƙura. Baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna kiran tsando, cizonsa yana ratsa yadi. Wannan ya fi shafar iyayenmu mata da ƙannenmu, waɗanda yawancin hijabansu da abayoyinsu baƙaƙe ne. A ɗinka biyu ruwan ƙasa ko ruwan toka, a ajiye baƙin sai an je tsibiri. Leda ma a bar ta gida, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019, Kenya tun 2017.

Wani abin da ba a cika faɗa wa Musulmi ba: yawancin sansanonin nan ba su da shinge. Dorina da ɓauna suna kiwo tsakanin tantuna da dare, kuma ba a fita sai da mai gadi. Ka cika butarka tun magariba, ka yi alwala da sallar asuba a ciki. Alƙibla kuma ba gabas ba ce. Ni sai da na yi salloli biyu ina fuskantar hudowar rana kafin wani direba Musulmi ya juya ni, don daga can Ka'aba arewa take. Ka sanar da sansani tun kafin ka zo cewa naman halal kake ci, saboda cefanensu daga gari ake kawo shi, ba kullum ba. Kilishi da dambun nama in ka shigo da su, ka miƙa a ajiye a kicin. Hancin kura ya fi zif ɗin tanti ƙarfi.

"Mu da muka saba da zazzaɓi" ba hujja ba ce a wurin da asibiti ke nisan tafiyar jirgi. Ka ga likita kan maganin kariya, ka ɗauki maganin hawan jini ko na suga da ya wuce kwanakin tafiya, a jakar hannu. Inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya ta jirgi, irin aikin da likitocin ƙungiyar AMREF ke yi daga Nairobi, ta cancanci kuɗinta. Kuɗi kuma kada ka dogara da katin naira. Ka riƙe dala sababbi, marasa yagewa, har da ƙanana na ihsani ga direba da ma'aikata, don tsofaffin bugu ana ƙin karɓarsu.

Tsibiri a bar shi ƙarshe, bayan ƙura da tashin asuba, ba a farko ba. A nan ma akwai tarko. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa nesa sau biyu a yini, ka fito da yara ka tarar da fili da mata masu noman ciyawar ruwa. Mai son ruwa a kusa ko da yaushe ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, sai dai can ne hayaniya da shigar da ba kowane magidanci zai so iyalinsa su zauna a ciki ba. Mai neman shiru ya duba tsibirin Pemba ko na Mafia. Abinci ba matsala, mutanen tsibiran galibi Musulmi ne, za ka ji kiran salla daga ɗakinka.

In ka yi alƙawari da mai kwale-kwale, ka sa ya nuna maka lokacin a fuskar agogo. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka "saa moja" tasu ƙarfe bakwai ne na safe, ba ƙarfe ɗaya ba. Namu ya ce mana uku, muka fito bayan azahar da kayanmu, ashe tun ƙarfe tara na safe ya gaji da jira ya ɗauki wasu.