Darasi na 7: Daga Legas zuwa Jidda, awa nawa ne a jirgin sama?

'Yan uwa, yau lissafin tafiya za mu yi, don da yawanmu a Agege da Idi-Araba idan lokacin Umara ko Hajji ya zo sai mu riƙe tikiti a hannu muna neman yaron da zai karanta mana, alhali abu ne da kowa zai iya da kansa.

Mu fara da gida. Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano kusan kilomita 830 ne ta sama, jirgi na cinye shi a kamar awa ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa kwana a mota a hanyar nan ya san bambancin.

To Jidda fa? Tsakaninta da Legas kusan kilomita 4,200 ne, wato kamar ka je Kano sau biyar. Babban jirgin fasinja yana yin wajen kilomita 800 a awa ɗaya, ku ɗauki biro ku raba 4,200 da 800, za ku samu awa 5 da 'yan mintuna, in aka haɗa da lokacin tashi da na sauka sai ya kama kamar awa biyar da rabi. Wannan fa in jirgin ya miƙe kai tsaye ne, idan zai yada zango a Alkahira ko Adis Ababa to lissafi ya canza, zaman jiran ma kaɗai yana iya fin tafiyar tsawo.

Ga inda mutane suka fi rikicewa, dan Allah a natsu a nan. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma tikiti yana rubuta lokacin kowane gari ne da agogon garin. Misali an rubuta tashi 14:00, sauka 21:30. Lambar da ta wuce 12 ka cire mata 12, kenan 14:00 ƙarfe biyu na rana ne, 21:30 kuma tara da rabi na dare. Da ganin farko sai Hajiya ta ce kai, awa bakwai da rabi a sama? A'a Hajiya, cire awa biyun nan, saura biyar da rabi, lokacin da kika sauka mutanen gida a Legas suna bakwai da rabi ne, kin ga kina iya kiransu ba su kwanta ba. A dawowa kuma ƙara biyun ake yi.

Kuma Alhaji, lokacin da ke kan tikiti na tashin jirgi ne, ba na fitowa daga gida ba. Ka isa filin jirgi awa uku kafin nan, ka kuma ware wa cunkoson hanyar Ikeja nasa lokacin, jirgi ba ya jiran kowa ya cika kamar motar tasha.

Aikin gida: jirgi ya tashi daga Jidda 10:00, ya sauka Legas 13:30. Awa nawa ya yi a sama? A rubuta amsar da lamba da kuma kalmomi, a kawo littafin ranar darasi na gaba.