Yadda na hana koyoti shigowa wurin karenmu

Wata asuba a watan Fabrairu na leƙa ta taga a gidanmu na Arizona, sai ga koyoti, ɗan'uwan dila na Amurka, tsaye a kan katanga, ɗan karenmu na ta haushi a ƙasa. Gabana ya faɗi. Katangar ƙafa 6 ce, amma bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Ashe kwanon abincin karen da muke bari a waje ke janyo shi, har da lemun da ke zubowa. Na kwashe su. A saman katangar na jera bututu mai juyawa, da ya dafa sai ya zame. Yanzu da magariba da asuba ni nake fita da karen, igiya a hannu, da gwangwanin tsakuwa na kaɗawa don tsorata koyotin. Sau ɗaya na ƙara hango shi, can bakin kwari.