Darasi: Yadda Ƙungiya Za Ta Rubuta Takardar Neman Tallafi

Toh 'yan uwa, wannan darasin na masu ƙungiya ne, ta mata ce ko ta matasa ko ta manoma, waɗanda suke da aikin alheri a hannu amma rashin kuɗi ya tsayar da su. Tallafi ba bashi ba ne, ba a biyan shi, amma fa ba kuɗin da za a kashe yadda aka ga dama ba ne, ana bayarwa ne don wani aiki takamaimai kuma daga baya sai kun kawo rahoton yadda kuka kashe.

Kafin ku ɗauki biro ku fara karanta sanarwar masu bayarwa daga farko har ƙarshe, in da hali sakatare ya karanta wa kwamiti kowa yana ji. Kowane mai ba da tallafi da abin da ya sa a gaba. Gidauniyar Global Fund for Women da aka kafa a 1987 ƙungiyoyin da ke kare haƙƙin mata take tallafawa, shi kuma shirin ƙananan tallafi na GEF (asusun kula da muhalli na duniya) da ya fara a 1992 a hannun hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ayyukan muhalli yake bi. Komai kyan rubutunku in aikinku bai dace da manufarsu ba ajiye shi za su yi, don haka kar ku rubuta takarda ɗaya ku yi ta aika wa kowa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Wanda zai karanta takardar bai san ku ba, bai taɓa ganin wahalar da kuke gani kullum ba, kuma takardu ne jibge a gabansa, abin da kuka rubuta shi kaɗai ya sani game da ku. Mutane da yawa sai su cika shafi da "jama'armu suna cikin mawuyacin hali, a taimaka mana", wallahi gaskiya suke faɗa amma wannan ba ya nuna wa mai karatu inda kuɗinsa zai je. Ku faɗi matsala guda ɗaya, su wa ta shafa, su nawa ne, kuma ta yaya kuka sani, ƙidaya kuka yi ko rajista kuka duba. Sannan ku faɗi me zai canza. Duba bambancin nan, wani ya rubuta "za mu yaƙi jahilci", wani kuma ya rubuta "za mu koya wa manya 30 karatu da rubutu cikin wata 6, sau uku a mako, a ƙarshe za a yi musu gwaji". Na biyun ana iya zuwa a duba ko an yi ko ba a yi ba, shi ya sa aka fi yarda da shi. Kuma kar ku yi alƙawarin abin da ya fi ƙarfinku don kawai ku burge, ranar rahoto tana zuwa.

Sai kasafin kuɗi. Duk abin da kuka ce za ku yi dole ya fito a cikin lissafi, duk abin da ke cikin lissafi kuma dole an ambace shi a bayani. A rubuta sunan kaya, guda nawa, kuɗin guda ɗaya, sai jimla, kuma ma'aji ya sake haɗa lissafin don kuskuren tarawa yana zubar da ƙimar ƙungiya. Ku sa gudummawarku ku ma, ko ɗakin taro ne ko lokacin 'yan sa kai, sannan ku faɗi yadda aikin zai ci gaba bayan kuɗin ya ƙare, wannan tambayar kusan kowane fom yana da ita.

Takardun da aka fi nema su ne satifiket na rajista, tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni da asusun banki mai sunan ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. Ku tanade su tun yanzu, ku aika kafin ranar rufewa don intanet na iya ba da matsala a ranar ƙarshe. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi kafin a sakar muku tallafi ku guje shi, hanyar 'yan damfara ce. In ba a ba ku ba ku rubuta cikin ladabi ku tambayi dalili, wasu suna amsawa.

Aikin gida: kowace ƙungiya ta rubuta matsalarta da abin da za ta yi a kai cikin layi biyar, ta ba wani wanda ba ɗan ƙungiya ba ya karanta ya maimaita da bakinsa. Duk inda ya kasa ganewa a ja layi a ƙarƙashi, a zo da shi aji na gaba mu gyara tare.