Waken soya a ƙasa mai gishiri: kurakuran da na gaji da gani

Kusan duk rani sai wani ya kira ni gonarsa, wai wakensa ya yi rawaya, gefen ganye ya bushe kamar an gitta masa wuta. In na je sai in tarar da farin ɓawon gishiri a saman kunya, shi kuma har ya sayo buhun taki.

Wannan takin ne ya karya ni shekarar da na fara noman rani. Na ɗauka yunwa ce, na watsa yuriya, na bi da fotash. Kafin mako biyu gonar ta koma kamar an yi gobara. Ashe abincin yana nan a ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗauka. Gishiri in ya yi yawa yana riƙe ruwa, tsiro yana cikin laima amma ƙishi na kashe shi. Sodiyam da ke cikin gishirin ya tare wa fotasiyam da kalsiyam, abincin tsiro, hanya, kuloraid ɗin gishirin kuma ya taru a gefen ganye ya ƙona shi. Jan fotash ɗin nan da na zuba, kuloraid ne a cikinsa, wato na ƙara wa Borno dawaki. Yanzu kafin in taɓa buhu sai na tuge tsiro ɗaya, in fasa 'yan ƙululun jikin saiwa da farce. In cikinsu ja ne, suna tara wa waken sinadarin naitirojin. In ƙanana ne farare, ko babu su sam, a ƙasa irin wannan gishiri nake fara zargi.

Sai masu ban ruwa na ƙeta. Malam, ka jiƙa saman ƙasa kawai kowace safiya, zafin Maris da Afirilu ya ɗauke ruwan, ya bar maka gishirin daidai inda saiwa take, sannan ka ce iri ne ba shi da kyau? Ni nakan cika fili da ruwa sau biyu kafin shuka, ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. Amma sai magudana tana aiki. Ko a Kadawa ta jihar Kano, da ruwan madatsar Tiga mai daɗi, fegin da ruwa ke kwanciya yakan yi fari.

Kada ka shuka a tsakiyar saman kunya, nan gishiri ke taruwa. Sauko da iri gefe. Kada taki ya taɓa iri a rami. Ƙasa mai kanwa da ke yin tauri kamar daɓe tana son jifsam (wani farin ma'adini mai kalsiyam) da takin gida kafin wankin.

Kuma a kai ƙasa gwaji. Ma'aunin gishirinta (wanda masu gwaji ke rubutawa da dS/m) in ya haura 5, kowane ƙarin 1 yana cin kusan kashi 20 cikin 100 na amfanin waken soya. Fegina na bakin kwari 8 ya nuna, na daina sa masa wake.