Ɗaukar wasan dandamali mai waƙoƙi: ku fara da sauti

Masu shirin ɗaukar wasan soyayya da barkwanci a kan dandamali, sauti ne ya fi ɓata irin wannan aiki, ba hoto ba. Makirufon jikin kyamara amsa-kuwwar zaure yake kwasa, sai waƙa ta fito kamar daga cikin rijiya. Ku ja waya kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, a ba ku muryoyin 'yan wasa daban, kiɗa daban. Sannan ku kafa makirufo biyu suna fuskantar 'yan kallo, domin barkwancin da ba a ji dariya a bayansa ba lami ne.

Kyamara uku sun wadatar. Ta tsakiya ta kama dandamalin gaba ɗaya, kada kowa ya taɓa ta; biyun gefe su bi fuskoki. Lokacin rawa a nuna jiki duka, yanke ƙafafu kashe rawar ne. In masoyan biyu suna waƙa kuwa, a matso da fuskar mai sauraro a cikinsu, a nan soyayyar take fitowa.

Ku kashe otomatik, wato tsarin da kyamara take daidaita haske da kanta. Fitilun dandamali suna sauya launi da ƙarfi, kyamara ta rikice, fuska ta yi fari fat. A daidaita haske da hannu ranar gwajin ƙarshe, ana duba fatar fuska. Idan hoto yana ƙyaftawa, a sa saurin shata (ƙofar da take barin haske ya shiga kyamara) a 1/50 na daƙiƙa inda lantarki yake 50Hz (ma'aunin saurin juyawar wutar), 1/60 inda yake 60Hz.

Kafin a buɗe labule, wani ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban dukkan kyamarorin. Da shi mai tacewa zai haɗa hoto da sauti.